Yadda ake farfaɗo da tsohon cikin gari: Darasi daga Jenne da Dandaji

Duk wanda ya saba bin hanyoyin Arewa ya san yadda ƙananan garuruwanmu suka rabu gida biyu. A bakin kwalta akwai tasha da gidan mai da shagunan bulo da masu cajin waya, ga hada-hada dare da rana. Idan kuwa mutum ya ratse ya shiga ciki, tafiyar minti goma da ƙafa, sai ya tarar da asalin garin: dandali, da gidan hakimi ko dagaci, da tsohon masallacin Juma'a, da filin da kasuwa take ci a da. A nan shiru ya fi yawa. Zaurukan da aka sani da saukar baƙi sun tsattsage, wasu gidajen sun zama kangaye da awaki ke kwana a ciki, kududdufin da aka haƙi ƙasar gina garin kuma ya zama juji.

Da yawa daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja daga irin waɗannan garuruwa suka fito, kuma can suke komawa lokacin sallah ko ɗaurin aure ko ta'aziyya. Suna ganin abin da ke faruwa, wasunsu ma su ake kira a waya idan katangar gidan gado ta faɗi da damina. Shin akwai hanyar da za a bi rai ya dawo cikin gari ba tare da an baje tarihinsa ba?

Garuruwa biyu a yankin Sahel sun gwada, kowanne ta hanyarsa: Jenne a ƙasar Mali, da Dandaji a Jamhuriyar Nijar. Abin da ya fito daga gwajin nasu shi ne, tsohon gini yana rayuwa ne muddin mutane suna da dalilin shigarsa kullum, kuma gyaran da bai dawo da wannan dalili ba yakan koma inda aka faro bayan 'yan damuna kaɗan.

Yadda cikin gari ke mutuwa

Tsohon garin Hausa an tsara shi ne a kan tafiyar ƙafa da jaki da raƙumi. Iko yana fada, ibada tana masallaci, ciniki yana kasuwa, kuma duka ukun suna kallon juna a wuri ɗaya. Masu sana'a suna kewaye da su unguwa-unguwa, maƙera da majema da marina da masaƙa, kowa ya san inda zai sami wanda yake nema.

Abin da ya fara kwance wannan ɗauri shi ne hanya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya fara bin dogo, daga baya ya koma bin kwalta. Injiniyan hanya ba ya son lunguna, don haka titi yakan bi ta gefen gari. Inda mota ta tsaya nan mai tuwo da mai shayi ke zama, kuma ba a daɗe ba sai kasuwa ta bi su.

Na biyu shi ne ƙaurar iko. Bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, sakatariya da asibiti da makarantar sakandare da ofishin 'yan sanda duk sai aka riƙa gina su a bayan gari, inda ake da fili. Ma'aikaci mai albashi, wanda shi ne mai sayen kayan miya da kuɗi hannu, ya kama haya kusa da wurin aikinsa.

Na uku shi ne gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina, bayan ƙarni guda yakan zama na magada talatin ko arba'in, mafi yawansu ba sa garin. Wanda ke zaune a ciki sau da yawa shi ne mafi ƙarancin hali, wanda ke da hali kuma yana ganin bai kamata ya kashe kuɗinsa a gidan da ba nasa shi kaɗai ba. Haka za a yi ta jan ƙafa har ruwa ya raba gardama.

A ƙarshe sai sana'ar ginin kanta ta ja baya. Ɗan magini ya ga cewa aikin bulo ya fi kawo kuɗi, sai ya bar koyon tubali da azara da ɗaurin guga. Ranar da aka tashi neman wanda zai gyara soron kakanni, sai a tarar gwanin ya tsufa ko ya rasu.

Jenne: suna a duniya, ƙorafi a gida

Jenne gari ne a tsakiyar Mali, a gaɓar kogin Bani, wanda ruwa ke kewayewa idan kogin ya cika. Ya yi suna tun zamanin fataucin Sahara a matsayin abokin cinikin Timbuktu. Babban masallacinsa, wanda aka gina a siffar da yake yanzu a 1907, ana ɗaukar sa ginin ƙasa mafi girma a duniya. A 1988 Hukumar Raya Ilimi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, tare da gidajen gargajiya kusan 2,000 da suka rage a cikinsa.

Akwai abubuwa biyu da suka riƙe Jenne tun kafin zuwan UNESCO. Na farko kasuwar Litinin ce, wadda ke ci a filin da ke gaban masallacin, inda manoma da masunta da makiyaya ke haɗuwa kowane mako. Na biyu shi ne yaɓen shekara-shekara. Kafin damina, garin kan fito gaba ɗaya a rana guda: samari suna ɗauko kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka bari ta ruɓa da ƙaiƙayin shinkafa, mata suna kawo ruwa, magina suna hawa kan itatuwan giginya da suka fito daga jikin bangon suna yaɓawa. Ƙungiyar maginan garin, wadda ake kira Barey Ton, ita ke jagorantar aikin, kuma ta wannan hanya ce yaro ke koyon sana'ar a hannun ubangidansa.

Da suna ya zo, sai taimako ya biyo baya. Daga 1996 gwamnatin Holan ta ɗauki nauyin wani shiri na gyaran tsofaffin gidaje kusan 100, inda maginan garin suka yi aikin da hannunsu. Masu yawon buɗe ido suka yawaita, masaukai da masu jagorar baƙi da masu sayar da kayan hannu suka sami abin yi.

Amma sunan ya zo da sharaɗi. An hana masu gida sauya siffar gidajensu yadda suka ga dama, alhali mutane suna son ɗakuna masu faɗi da bayan gida na zamani da daɓen da ba ya ƙura. Yaɓe kuma kuɗi ne da ake kashewa kusan kowace shekara. Wasu masu gida, don su huta da wannan ɗawainiya, suka riƙa lulluɓe bangon da gasasshen tubali, wanda ke barin ruwa ya shiga ta bayansa ya ci ƙasar a ɓoye. Mazauna garin da yawa sun yi ƙorafin cewa an mayar da su masu gadin gidan tarihi, suna ɗaukar wahalar, riba kuma tana tafiya wurin wasu.

Batun ruwa ya ƙara fito da matsalar fili. A farkon shekarun 1980 an kawo wa Jenne ruwan famfo, amma ba a yi hanyar fitar da ruwan wanka da wanke-wanke ba. Ruwan datti ya riƙa kwarara a lunguna, yana jawo wari da cuta, yana kuma cin gindin bangaye. Sai tsakanin 2004 da 2008 aka yi wani shiri da tallafin Jamus na haƙa ramukan tsakuwa a ƙofar gidaje domin ƙasa ta shanye ruwan. Wato an shafe sama da shekara ashirin ana fama da abin da ya kamata a tsara tun ranar da aka kafa famfo.

A watan Satumban 2006 tura ta kai bango. An ga wasu mutane a kan rufin masallacin suna dubawa, domin shirin gyaran da Gidauniyar Aga Khan za ta ɗauki nauyi. Da yake ba a yi wa jama'a cikakken bayani ba, sai jita-jita ta bazu, tarzoma ta ɓarke, aka yi ɓarna a ofishin kula da kayan tarihi da gidan magajin gari. Daga baya an yi gyaran, kuma ana cikinsa ne, a watan Nuwamban 2009, saman ɗaya daga cikin hasumiyoyin ya rufta bayan ruwa mai ƙarfi, aka sake gina shi.

Abin da ya fi komai girgiza garin shi ne rikicin da ya ɓarke a arewacin Mali a 2012, wanda daga baya ya gangaro tsakiyar ƙasar. Baƙi suka ɗauke ƙafa, duk wanda ya dogara da su ya rasa abinci. A 2016 UNESCO ta sanya Jenne cikin jerin wuraren tarihin da ke cikin haɗari. Abin lura shi ne, kasuwar Litinin da yaɓen masallaci, waɗanda na mutanen garin ne tun asali, su ne suka fi jure wannan hali.

Dandaji: tsohon masallaci, sabon aiki

Dandaji ƙaramin garin Hausawa ne a jihar Tawa ta Nijar, mai mutane kusan 3,000. Ba ya cikin jerin UNESCO, kuma babu wanda ke sa ran masu yawon buɗe ido za su riƙe shi. Yankin dai yana da tarihin gwanintar gini. A Yama, cikin jihar ta Tawa, magini Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya yi ta faɗaɗa shi da ƙawata shi har farkon shekarun 1980, kuma aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini a 1986.

Tsohon masallacin Dandaji na ƙasa ne, mai irin wannan salo. Ya yi wa jama'a kaɗan, ya kuma lalace saboda rashin kulawa. Hanyar da aka saba bi a irin wannan hali sananniya ce: a rushe, a zuba siminti. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara, wato a gina sabon masallaci babba a kusa, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu.

An kammala aikin a 2018, aka sa masa suna Hikma, domin tunawa da gidan ilimin nan na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa. Sabon masallacin yana ɗaukar mutum kusan 1,000. An gina shi da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, wanda aka yi da ƙasar yankin, saboda haka kuɗin sayo kaya daga nesa ya ragu, ginin kuma yana riƙe sanyi ba tare da na'ura ba. A cikin tsohon ginin an sanya kantocin littattafai da wuraren zama, aka ware ɗakunan karatu da yara da manya, maza da mata, za su amfana da su. An kuma gayyato maginan da suka san ginin tun asali suka shiga aikin, suka koyar da abin da suka sani, su ma suka koyi sababbin dabarun ƙarfafa ƙasa.

Hikimar tsarin ita ce an haɗa wurin da mutane ke zuwa sau biyar a rana da wurin da ake so su saba zuwa. Wanda ya fito daga salla yana ganin ƙofar ɗakin karatu a gabansa. Sauya amfanin ginin da aka yi salla a cikinsa ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma duk garin da zai yi tunanin haka sai ya fara da malamansa. A Dandaji an samar wa jama'a masallacin da ya fi na da girma, tsohon kuma ya ci gaba da hidimar ilimi.

A shekarar ce kuma aka kammala sabuwar kasuwar garin, wadda ofishin Mariam Kamara ya zana. An gina ta ne kewaye da wata tsohuwar bishiya da mutane suka saba zama a gindinta, da rumfunan tubalin ƙasa, da inuwoyin ƙarfe masu launi-launi da aka jera wani sama da wani domin iska ta ratsa. Manufar ita ce kasuwar da take ci mako-mako ta koma ta kullum. Ɗan kasuwa ya san bambancin: kasuwar mako tana tara kuɗi rana ɗaya ta watse, ta kullum kuwa ita ke sa tela da mai gyaran babur da mai abinci su kafa zama.

Idan aka ɗora garuruwan biyu a ma'auni, Jenne ta fi Dandaji tarihi da suna nesa ba kusa ba. Amma a Jenne an fara da tambayar yadda za a adana siffar gini, aka bar buƙatun mazauna a baya. A Dandaji an fara da abin da mutane suka ce suna buƙata, wato wurin salla da karatu da ciniki, sai aka sa tsohon gini ya biya ɗaya daga cikin buƙatun.

Abin da ginin ƙasa ke nema

Akwai zaton da ya yi yawa cewa ginin ƙasa alamar talauci ce kuma ba ya ƙarko. Gaskiyar ita ce maƙiyinsa ɗaya ne, ruwa, kuma ta wuri biyu yake shiga: ta sama da ta gindi. Idan indararo ya toshe ko ya karye, ruwan rufi zai bi jikin bango. Idan lungu ba shi da magudana, ruwa zai kwanta a gindin katanga ya jiƙa ta har ta zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin maganin wannan. Suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana haɗa ta da ƙasa a yi shafen da ruwa ba ya ci da wuri. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ana shafe rufi da shi. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa take ɗaukar rufi shekaru masu yawa. Wannan ya nuna yadda sana'o'in cikin gari suke riƙe da juna: idan marina ta mutu babu katsi, idan an sare giginya ba a dasa wata ba babu azara.

Kuskuren da aka fi yi da kyakkyawar niyya shi ne shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare idan zafi da sanyi sun sauya, don haka shafen yakan tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya yi ta cin ƙasar daga ciki. Daga waje bango yana nan fes, sai rana ɗaya shafen ya ɓallo da rabin katanga. Irin abin da ya faru da gidajen Jenne da aka lulluɓe da gasasshen tubali ke nan.

A ɗaya ɓangaren, bango mai kauri na ƙasa yana jinkirta shigar zafin rana, ɗaki ya yi sanyi da tsakar rana, ya yi ɗumi da dare lokacin hunturu. A zamanin da kuɗin wuta da na man janareta suka yi tsada, wannan amfani ne da ake iya lissafawa da naira. Babu kuma abin da ya hana a sa wa gidan ƙasa wayar lantarki da bayan gida na zamani da daɓe mai kyau, muddin an tsara inda ruwa zai bi.

A Najeriya, nauyin yana kan wa?

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, ita ke ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa. Daga cikin waɗanda aka fara ayyanawa tun a shekarun 1950 akwai Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa a Jihar Bauchi, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu. Shi ne kuma ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a ƙarni na 19. A shekarun 1970 an yi sabon gini da ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon masallacin, kuma wanda yake son ganin siffarsa ta asali sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka yi kwafinsa.

Wuraren Najeriya biyu ne kawai ke cikin jerin UNESCO: Sukur a Jihar Adamawa tun 1999, da kurmin Osun a Osogbo tun 2005. Ke nan ƙaramin garin da ke jiran hukumar tarayya ko ta duniya ta zo ta cece shi zai daɗe yana jira. Ko da an ayyana gini ɗaya, ayyanawar ba ta shafi lungun da ke bayansa ko kasuwar da ta tashi ba.

Ikon da ya fi tasiri yana kusa da gida. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da tituna da magudanan ruwa da fitilun hanya da kwashe shara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba su ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan aka duba da kyau, duk abin da ya kashe cikin gari ko zai iya raya shi, wato inda kasuwa take da inda mota ke tsayawa da inda ruwa ke bi, yana cikin wannan jeri.

Matakan da suka fi muhimmanci

Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a san abin da ake da shi. Hakimi da masu unguwanni da Sarkin Magina, tare da ɗaliban zanen gini daga jami'a ko kwalejin fasaha mafi kusa, za su iya zagaya gari su rubuta kowane gini mai daraja, da halin da yake ciki, da masu shi, su ɗauki hotonsa. Dattawan da suka san wanda ya gina kowane soro da abin da ya faru a kowane zaure suna raguwa, kuma wayar hannu ta isa a naɗi bayaninsu.

Na biyu, a fara da ruwa kafin ado. Magudana a lunguna, da gyaran indararo, da yashe kududdufi domin ya koma aikinsa na tara ruwan sama, sun fi fentin ƙofar fada amfani, ko da yake ba su da kyan hoto ranar buɗewa. Cike kududdufi a yanka filaye kuwa yana nufin ruwan da yake tarawa zai nemi wani wuri, kuma galibi gidajen mutane ne.

Na uku, a dawo da dalilin shiga gari. Ba lallai ne a taso kasuwa daga bakin titi ba, domin ciniki yana bin mota. Amma ana iya mayar da wani ɓangare nata, kamar kasuwar dare ko ta hatsi ko layin masu sana'ar hannu, zuwa tsohon filin. Idan za a buɗe ƙaramin asibiti ko ajin yaƙi da jahilci ko ofishin rajista ko wurin koyon kwamfuta, a duba ko akwai tsohon gini a cikin gari da zai ɗauka kafin a nemi fili a daji. Hanya ɗaya mai kyau da keke mai ƙafa uku zai bi daga tasha zuwa dandali, da fitilu masu aiki da hasken rana, suna iya sauya lissafin mai neman shago.

Na huɗu, a warware batun gado tun gida yana tsaye. Magada za su iya zama gaban alƙali ko malami su amince ɗaya ya saye kason sauran, ko su ba da gidan haya a riƙa gyara shi da kuɗin hayar, ko su mayar da shi wakafi domin makaranta ko masaukin baƙi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya fi kowanne muni shi ne a bar shi ba mai shi, har ya zama fili da za a yi shari'a a kansa.

Na biyar, a sa sana'ar gini ta ciyar da mai ita. Matashi ba zai koyi ɗaurin guga don kishin tarihi kawai ba. Idan ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari ta ware wani ɓangare na ayyukanta, kamar rumfunan kasuwa da ajujuwa da katangar maƙabarta, ta ce da ƙasa za a yi su kuma maginan gari ne za su yi, to an samar da kasuwar da za ta riƙe gwanaye da almajiransu. A kuma ware kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, domin ginin ƙasa ba a gama shi sau ɗaya.

Sannan duk wata ƙa'ida da za a kafa, kamar hana rushe fuskar tsofaffin gidajen da ke kallon dandali, dole ta zo da abin da mai gida zai samu a madadi, ko taimakon gyara ne ko sassaucin haraji. Tarzomar Jenne ta nuna abin da ke faruwa idan an yanke shawara a kan kayan mutane ba tare da su ba.

Rawar 'yan gari mazauna birni

Kusan kowane gari a Arewa yana da ƙungiyar 'ya'yansa da ke zaune a birane, kuma waɗannan ƙungiyoyi sun gina masallatai da makarantu da rijiyoyin burtsatse da kuɗinsu. Sau da yawa kuma su ne ke kawo shawarar a rushe tsohon masallaci ko zauren gidan sarauta a yi na zamani, saboda suna son garinsu ya yi kama da inda suke zaune. Niyyar mai kyau ce, amma abin da aka rushe a yini ɗaya ba ya dawowa, kuma sabon ginin yakan zama irin wanda ake gani a kowace tasha daga Sakkwato zuwa Maiduguri.

Kafin a kira mai katafila, akwai tambayoyin da ya kamata taron ƙungiya ya amsa. Akwai fili a kusa da za a yi sabon ginin a bar tsohon? Wane aiki tsohon zai iya yi wa jama'a? Wa zai riƙa kula da shi, kuma daga ina kuɗin yaɓensa zai fito bayan shekara biyar? Mutanen Dandaji sun amsa waɗannan tambayoyi, suka tashi da masallaci da ɗakin karatu a wurin da da gini ɗaya kawai za su samu.

Damina ba ta jiran taron shekara. Wanda yake da gidan gado a cikin gari, abin da ya fi gaggawa shi ne ya aika a duba indararo da gindin katanga kafin ruwan farko ya sauka.